Yadda zaka lissafa hucin da ke fita daga hayaƙin wutar daji da kwamfutarka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara bayan an gama yankan dawa na kwana a gonar kawuna can kudu da Gadarif a Sudan, da daddare wuta ta kama kara a wata gona da ke gabas da mu, iska ta kwaso hayaƙin ta jibge mana shi, har ta kai ba ka ganin taraktar da ke tsaye taku goma daga inda kake, ido na hawaye yara na ta tari. Ina da wata 'yar kyamarar zafi irin wadda ake maƙalawa a gindin waya, aronta nayi, na ɗaga ta na nufi inda hayaƙin yafi duhu, sai ga layin wutar nan ɓaro-ɓaro a fuskar waya, har da wani kututture da ke ci shi kaɗai a gefe. Kawu ya karɓi wayar ya duba, ya ɗaga kai ya kalli duhun, ya sake duba waya, yace "Kai ɗan nan, ina hayaƙin ya shiga?" Nace "Kawu yana nan, ita ce bata ganinsa."

Wannan tambayar ta Kawu ita ce duk aikin da zan koya muku yau. Abin da turawa ke kira infirared, 'yan jami'a a nan kuma suce tahtal hamra, mu tun tuni muna da sunansa, huci. Hucin da kake ji a fuska idan ka tsaya kusa da murhu ba tare da ka taɓa shi ba, haske ne, ido ne kawai baya kama shi. Kuma hayaƙin da ke makantar da ido, a wajen huci kusan kamar labulen leshi yake. Duk wanda ya fara lissafi bai riƙe wannan ba zai ɗora wa hayaƙi abin da na ƙura ne ko na tururi, kuma a ƙasar habub, wato guguwar ƙura, wannan kuskuren ba ƙarami bane.

Mataki na farko, ka zaɓi zangon da zakayi aiki a kai. Kun san yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaicin zango, toh haske ma haka, sai dai ana auna nasa da maikiron, wato kashi 1 cikin 1000 na milimita. Ido yana gani daga wajen 0.4 zuwa 0.7. Don sanin inda abu yafi zuba hucinsa akwai dokar Wien, ka raba 2898 da zafin abin a ma'aunin Kelbin, shi kuma Kelbin ka ɗauki Salshiyas ka ƙara 273 shikenan. Ƙasa mai zafin 310 tana zuba nata a wajen 9.3, wutar ciyawa mai 800 kuma a 3.6. Saboda haka tashoshi biyu zamu riƙe, 3.9 da 10.8, waɗanda su ne na na'urar SEVIRI da ke kan taurarin ɗan adam na Meteosat, mai ɗaukar hoton Afirka duk minti 15. MODIS da VIIRS, na'urorin da ke kan wasu taurarin, suma suna da tashoshi a kusa da nan. Ba a banza aka zaɓe su ba, tagogi ne a sararin sama, don a 4.3 da 15 iskar kabon dayoksaid na shanye huci, a 6.3 tururin ruwa, a 9.6 kuma ozon.

Mataki na biyu shine ka rubuta dokar Planck da hannunka. Ina roƙonku kada ku tsallake wannan ku ruga wajen manyan manhajoji, layi biyu ne a Python, ko a Excel ma tana shiga idan ita kake da ita:

B = c1 / (λ^5 × (exp(c2 / (λ × T)) − 1))

B shine ƙarfin hucin da abu ke fitarwa a zangon, λ shine zango a maikiron, T zafi a Kelbin, c1 = 119,100,000, c2 = 14388. Ka gwada da waɗannan ka gani ko ka rubuta daidai. A 3.9, ƙasa mai 310 zata baka 0.9, wuta mai 800 zata baka wajen 1325. A 10.8, ƙasar 11.2, wutar 189. Tsaya ka kalli lambobin nan da kyau, a tasha ta farko wuta ta ninka ƙasa kusan sau 1500, a ta biyu sau 17 kacal.

Sai ka rubuta juyinta, wadda zaka bata B ta mayar maka da T:

T = c2 / (λ × ln(1 + c1 / (λ^5 × B)))

Abin da ta fitar ni ina ce masa zafin gani, ya'ani zafin da na'ura take zaton abin yana da shi, ba lallai yazo daidai da na gaske ba. Duk lissafin da zamuyi daga nan a B akeyinsa, sai a ƙarshe a juya zuwa zafin gani. Kada ka taɓa haɗa zafi da zafi ka raba biyu, amsar zata fito karkatacciya, musamman a 3.9.

Mataki na uku, shimfiɗa ƙasa da wutar tukunna kafin hayaƙi. Ɗigo ɗaya na hoton MODIS kilomita 1 ne a kan kilomita 1, kuma wutar kara bata cika shi, siririn layi ce. A ce layin mita 100 ne tsawo mita 10 faɗi, murabba'in mita 1000 kenan, kashi 0.001 na ɗigon. Sai kace B na ɗigo = 0.001 × B na wuta + 0.999 × B na ƙasa. A 3.9 zaka samu 2.22, juya shi, Kelbin 336, ɗigon ya tashi da digiri 26 saboda ɗan layin nan. A 10.8 kuwa 311, digiri 1 tak. Da wannan bambancin taurari ke kama wuta, kuma wani masani mai suna Dozier tun 1981 ya nuna cewa idan kana da tashoshin biyu zaka iya komawa baya ka fitar da girman wutar da zafinta. Tunda muna nan ka ƙara ɗan lissafi ɗaya mai daɗi, dokar Stefan da Boltzmann, 0.0000000567 × T^4, wuta mai 800 tana fitar da wajen wat 23,000 a kowane murabba'in mita, layin namu gaba ɗaya megawat 23. Wooster da abokan aikinsa a 2005 sun auna cewa kowane megajul na huci yana nufin an ƙone kilo 0.368 na ciyawa ko itace, kaga layin nan yana cin kilo 8 da rabi duk daƙiƙa, kusan rabin tan a minti ɗaya. Da na faɗa wa Kawu haka shiru yayi, don shi a abincin shanu yake lissafin karan.

Yanzu mun zo ga hayaƙin, mataki na huɗu, kuma nan zan daɗe. Hayaƙi abu uku ne a cakuɗe, ƙananan ƙwayoyi na kunkunniya da maiƙon itace, iskoki masu zafi, sai toka da burbushin ganye waɗanda basa nisa suke faɗowa. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, rabin faɗin yawancinsu tsakanin maikiron 0.1 ne da 0.2. Abin da ke yanke hukunci shine girman ƙwaya idan aka gwada da zangon hasken, ana rubuta shi x = 2πr / λ. r shine rabin faɗin ƙwayar. Ɗauki r = 0.15. A koren haske, 0.55, x ya kai 1.7, ƙwaya da zango sa'annin juna ne, sai ta tarwatsa hasken, shiyasa taraktar ta ɓace mana. A 3.9 ya sauko 0.24, a 10.8 bai kai 0.09 ba. Kamar ka jefa tsakuwa a igiyar ruwan Nilu ne, igiyar zata wuce abinta. Idan x ya ƙanƙance haka tarwatsawa tana mutuwa da sauri sosai, abin da ke saura shine shanyewa, ita kuma tana raguwa a hankali, kusan daidai da 1/λ.

Ana auna kaurin duhun hayaƙi da wata lamba da ake kira tau, hasken da ya ratsa ya fita shine exp(−tau), dokar Beer da Lambert kenan. Mu ɗauki hayaƙi mai kauri sosai, tau = 2 a 0.55, kashi 13 ko 14 cikin 100 ne kawai ke ratsawa kai tsaye. Hayaƙin ciyawar Afirka baƙi ne, awon da akayi a Zambiya ya nuna wajen kashi 15 cikin 100 na duhunsa shanyewa ne sauran tarwatsawa, toh tau na shanyewa 0.3. Kai shi 3.9, wato 0.3 × 0.55 / 3.9, ya zama 0.042. Kai shi 10.8 ya zama 0.015. Hayaƙin da ya rufe rana kenan, a 10.8 kashi 98.5 na hucin ƙasa yana wucewa ta cikinsa. Wannan kiyasin farko ne, maiƙon da ke cikin ƙwayoyin yana da wuraren da yake ƙara sha, misali wajen 3.4, amma ya isa ya nuna maka girman abin da kake nema.

Akwai wata doka ta Kirchhoff da ke cewa abu gwargwadon yadda yake shan huci gwargwadon yadda yake fitar da nasa. Kenan ƙarfin fitarwar hayaƙin shine 1 − exp(−tau), kuma kana buƙatar zafinsa, mataki na biyar kenan. Mutane suna zaton hayaƙi zafi ne da shi duk inda yaje, a'a, yana tashi yana haɗiyar iskar da ke kewaye, kafin yayi nisa ya huce ya zama ɗaya da ita. Busasshiyar iska tana sanyi da digiri 9.8 a duk kilomita 1 da ta hau, idan a ƙasa Salshiyas 35 ne toh a kilomita 2 kana wajen Kelbin 288 zuwa 290. In kana son na ranar da kanta ka sauko da bayanan yanayin sama na ERA5 na Turai, kyauta ne sai dai rajista, ka zaɓi ɗan ƙaramin akwati a kan yankinka kada ka ɗebo duniya shabaka, wato intanet, ta yanke maka a tsakiya. Sai ka haɗa:

B na sama = B na ƙasa × exp(−tau) + B na hayaƙi × (1 − exp(−tau))

Da ƙasa 310, hayaƙi 290, tau 0.015, a 10.8 zafin gani zai fito 309.7. Digiri 0.3 kawai ya rage. Amsar Kawu kenan a lamba.

Kada ka manta tauraron ba a tsakar kanka yake ba. Meteosat da ke kan layin 0, wato layin Greenwich, yana hangen Sinnar da Mai Wurno a karkace da digiri 40 da 'yan kai, sai ka raba tau da kosayin na wannan kusurwa, hanyar ta ƙaru da wajen kashi 1 cikin 3. Wanda ke kan 45.5 gabas yafi kusa da mu, karkatarsa kaɗan ce.

Mataki na shida shine wanda na fi so ku kula da shi, don mu ya shafa kai tsaye, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da wuta ke tashi a Dindir da kewayen Damazin da gangaren Jabal Marra, lokacin ne kuma iskar arewa ke sauko mana da ƙurar hamada, su haɗu a sama, ido baya rabewa, duk hazo ne. Amma ƙwayar ƙura babba ce, maikiron 1 zuwa sama, kuma yashi ne, yana shan huci sosai tsakanin 9 da 10. Hayaƙin shine shimfiɗa ta farko, ka ƙara ƙurar a matsayin shimfiɗa ta biyu a lissafinka, a ce tau na ƙurar 0.4 ne a 10.8 zafinta 290, maimaita lissafin ɗazu zaka ga zafin gani ya faɗo wajen 304, digiri 6, sau 20 na abin da hayaƙin yayi. Ni na taɓa faɗawa wannan ramin, na ga wani yanki yayi sanyi a hoton 10.8 kudu da wata wuta na ɗauka hayaƙi ne, nayi kwana uku ina ƙara tau ina ragewa yaƙi zama, ashe ƙura ce tazo ta bi ta wajen. Hanyar rabewa ita ce ka ƙara tasha ta uku, 12.0, ka cire zafin gani na 12.0 daga na 10.8. A sama mai tsabta mai ɗan danshi amsar tana sama da sifili don tururi yafi shan 12.0, idan ƙura ce sai ta sauko har ta shiga ƙasa da sifili. Hayaƙi zalla kusan baya motsa ta.

Kusa da bakin wutar kuwa labari ya canza. A nan abin da ke haskawa iskoki ne, kabon dayoksaid mai zafi a 4.3, kabon monoksaid a wajen 4.6, tururi a 2.7 da 6.3. Akwai wani abu mai ban sha'awa a 4.3, iskar mai zafi layukanta, wato zangunan da take sha da fitar da huci a kansu, sun fi faɗi, ita kuma mai sanyi da ke tsakaninka da wutar tsakiyar kawai take shanyewa, sai gefe biyun su tsira su iso maka kamar ƙaho biyu. Idan wannan ɓangaren kake son lissafawa, ma'ajiyar layuka ta HITRAN an fi gina ta don zafin iska na yau da kullum, ka nemi 'yar uwarta HITEMP, kuma ka yanka gindin hayaƙin gida-gida, kowane gida da zafinsa, ka bi da wancan lissafin na shimfiɗa daga gida zuwa gida, abin da ya fita daga na farko shine ke shiga na biyu.

Wani lokaci kuma wuta tana girma har ta haifi hadarinta, kamar yadda akayi a Ostireliya ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 inda hayaƙin ya hau sama da kilomita 30. Kan irin wannan hadarin ƙanƙara ce, baya barin komai ya ratsa a 10.8, tau ɗinsa babba ne, zafin gani yana faɗawa ƙasa da Salshiyas −40. Wutar ciyawarmu ba kasafai take kai can ba, amma idan kaga fari fat a kan hayaƙi kamar auduga toh ruwa ya shiga, ka lissafa shi a matsayin gajimare.

Sai yanzu, mataki na bakwai, zaka buɗe babbar manhaja. MODTRAN ta kuɗi ce, libRadtran kyauta ce tana tafiya a Linux, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta, aiki ɗaya na tasha ɗaya baya cin lokaci, ko kahraba, wato lantarki, ta ɗauke batir zai kai ka. A fayil ɗin da zaka ba uvspec, wato manhajar lissafi ta cikin libRadtran, ka sa source thermal, ka zaɓi yanayin sama na ƙasashe masu zafi afglt ko wanda ka gina daga ERA5, rte_solver disort, mol_abs_param reptran, sur_temperature 310, zout toa, sannan output_quantity brightness don ta baka zafin gani kai tsaye. Zango a nanomita take karɓa, 10.8 ka rubuta 10800, da yawa a nan suke tuntuɓe. Halin ƙwayoyin kuma ka fitar da lissafin Mie, wanda Gustav Mie ya kawo tun 1908, akwai miepython da ke yinsa, ka bata girman ƙwaya da yadda kayan ke lanƙwasa haske da shansa a kowane zango, na kunkunniya da na ƙura duka suna cikin tarin OPAC. Ka gudanar da lissafin libRadtran sau huɗu, sama babu komai, da hayaƙi kaɗai, da ƙura kaɗai, da su biyun, ka jera amsoshin. Bambancin na farko da na biyu ya kamata yayi kusa da 0.3 ɗin da ka samu da hannu, in ya fito digiri 5 akwai inda ka zame, galibi tau na 0.55 ne ka bari a 10.8 baka sauko da shi ba.

Na ƙarshe, gwada da abin da ya faru da gaske. Shafin FIRMS na NASA yana bada wuraren da aka ga wuta a ɗan fayil mara nauyi, ko da shabaka mai rauni yana saukowa, a ciki akwai wuri, lokaci, zafin gani na tashoshin biyu da ƙarfin wutar a megawat. VIIRS ɗigonsa mita 375 ne, yana wucewa wajen 1:30 na rana da 1:30 na dare. Ka fara da na dare, don da rana hasken rana yana faɗowa ƙasa ya koma sama a 3.9 ya cakuɗe da hucin, ga baƙar laka ta Gadarif da ke gasuwa da azahar, ga tabon da wuta ta bari wanda yafi kewayensa zafi. Ka kuma san kowace na'ura tana da inda take cika ta tsaya, SEVIRI a 3.9 wajen Kelbin 335, VIIRS a 3.74 wajen 367, idan kaga lamba ta manne a nan ba zafin gaske bane, kwano ne ya cika. Tashar 3.9 ta SEVIRI kuma tana da faɗi har ta taɓa yankin kabon dayoksaid, sai ka bar libRadtran ta lissafa maka abin da iska ta ci a hanya.

In kana da dama ka haɗa da ido. Ka sa wani na gida a gona ya rubuta maka lokacin da wuta ta tashi, inda iska ta nufa, launin hayaƙin, baƙi ne ko fari, da kuma ko an wayi gari da ƙura. Baƙi yana nufin harshen wuta ne ke ci, kunkunniya tayi yawa, sai ka ɗaga kason shanyewa sama da 15, fari ko ruwan toka kuma cin ƙasa-ƙasa ne irin na kututture da kashin shanu, sai ka rage shi. Wanda zai ɗauki hoto da kyamarar zafi ya tsaya ta inda iska ke fitowa, bayansa a buɗe, don wutar kara idan iska ta juya tafi mutum gudu. Ni bana na ba ɗan Kawu littafi da biro, na ce ya riƙa rubuta min ranar da awar duk wutar da ya hango daga kan tudun bayan gona, in Allah ya kaimu Fabrairu zan jera nasa da na FIRMS layi-layi in ga guda nawa tauraron ya kama.